Fikafikan Hular Naig

Youenn ya fara ganin Naig ne ranar kasuwar garin Pont-Aven, tana tsaye a ƙofar masauki tana zazzaga wa wani mai zane daga Paris masifa kan zanenta da ya yi.

"Fuskar wa ce wannan? Ni ce ruwan ɗorawa kamar kabewa?"

Youenn, ɗan masu injin niƙa, ya sauke buhun gari ya tuntsire da dariya. Ta juyo.

"Kai kuma fa, farin kai? Haƙoranka aka tambaya?"

"Yi haƙuri, Kabewa. Kallo na zo."

Kafin tuffa ta nuna, shi ke raka ta gida duk Lahadi bayan coci. Sunan ya bi ta, amma a bakinsa kaɗai take yarda da shi.

Zanen kuwa, mai masauki ya rataye shi a ɗakin cin abinci. Nan Katell, mahaifiyar Youenn, ta gan shi ranar da ta kawo man shanu. Launin fuskar bai dame ta ba, hular ta duba. Mai zanen ya sauko da fikafikan farar hular, wato gefunanta biyu da ake naɗewa sama, har kafaɗa, saboda hakan ya fi masa kyau. A garin kuwa mace ba ta sakin su sai tana takaba.

"Ba a ɗaura aure ba, ta riga ta binne min ɗa," in ji Katell. "Ga 'yar mai burodi nan, hularta a ɗaure."

Youenn ya roƙa, ya rantse, ya doka ƙofa. Ba ta sauya ba. Ya kai wa Naig labarin yana sosa ƙeya.

"Kabewata, mu ɗan jira ta huce."

"Kai ka jira. Matsa min."

Ba ta tsaya ko'ina ba sai gidan Katell.

"Inna, zo ki ga wani abu. In kin gani, sai ki kore ni."

Ta kai ta ɗakin mai zanen a saman masaukin, ta jawo wani zane da ta taɓa gani daga bayan gado. Matan kasuwa ne, ga Katell a tsakiya da kwandonta, fuska shuɗiya. A kanta kuma ƙaramar hular matan garin Concarneau masu gyaran kifi.

"Ni? Ni da aka haifa a bayan cocin nan, hular masu ƙarnin kifi?"

"Haka ya ga dama, Inna. Ni ma haka ya ga dama."

Mai zanen na shigowa, suka juya kansa su biyu. Waɗanda ke can kan gadar garin sun ce sun ji komai. Mai zanen bai ƙarasa makon a garin ba.

An ɗaura auren bayan girbi. Katell da kanta ta naɗe wa amarya fikafikan sama, tana soka allura da ƙarfin da ya wuce buƙata.

"Tsaya cik, 'yata. Allah ya bar ku tare har tsufa, ya cika muku gida. Kuma duk wanda ya sake tunkarar ki da buroshin zane, ki aiko a kira ni."