Kyauta Ne, Ku Ɗauka

Auta na kiciniyar jawo tsohon firji zuwa ƙofar gida, gindinsa ya maƙale a dandamali. Sai ji ta yi nauyin ya ragu. Ta leƙa ɗaya gefen, ta ga wani dogon saurayi da abin gwada wuta a aljihun riga, yana murmushi.

"Saki, kar ki karya bayanki. Sayarwa za ku yi?"

"Kyauta ne. Baba ya yi ritaya, za mu koma ƙaramin gida a ƙarshen layi. Duk abin da ka gani a nan, ɗauka kawai."

"Duk abin da na gani?" Ya ɗaga gira.

"Ban da ni," ta ce, sannan ta yi maza ta rufe baki da gefen mayafi. Maganar ta riga tunaninta fita.

Mai gyaran wutar lantarki ne, sabon ɗan haya a benen da ke kallon gidansu. Ranar ya tafi da firjin, ya tafi da lambar wayarta, wai don ta sanar da shi in an fito da wasu kayan.

Tun daga nan kullum sai ya zo. Yau fanka mai kuka, gobe tukwane, jibi katifar yara. Auta kuwa har ɗoki take ta samo abin fitarwa. Wata safiya wayarta ta yi ƙara:

"Mai Kyauta, me aka fitar yau? Ko tsintsiya ce ki ajiye min, in dai ke za ki miƙo."

Ta yi tsalle ta faɗa kan gado, ta rubuta: "Maƙwabci, ka cika zari. Akwai madubin ɗakina. Ba kowa zan ba shi ba."

Mama ta lura da rawar ƙafar. Ta tare ta a kicin.

"Wannan makwaɗaicin kike wa fara'a? Namiji guda, ba mata ba ɗa, ya kwashi katifar yara! Wanda ya cika ɗakinsa da tsummokaranmu shi zai riƙe ki? Ga ɗan ƙawata mai shagon kujeru, kullum sai ya aiko gaisuwa."

"Mama, ba ki san shi ba ne."

"Na san shi sarai. Ko murfin tukunya bai bari ba."

Mai shagon kujeru ma bai zauna ba. Wata yamma ya tsayar da motarsa, ya nuna wa Auta hoto a waya: madubinta ne a jingine a ɗakin wata kyakkyawar mai kitso ta bayan layi.

"Kin ga inda kyautarki ke zuwa. Wajen budurwarsa."

Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin. Ta tura wa Maƙwabci saƙo: "Na ga madubina. Allah ya ba ku zaman lafiya. Kar ka ƙara zuwa."

Amsa ta shigo nan take: "Mai Kyauta, wallahi ba abin da kike zato ba ne. Amma sirrin wasu ne, ba ni da ikon faɗa sai sun yarda. Ki ba ni lokaci." Ta kashe wayar ta ci kukanta.

Ranar tashinsu, ana ɗaure akwatuna, aka yi sallama. Mai kitson ce da goyo a baya, ga mijinta yana dogara sanda, ga wata tsohuwa mai wankau, ga mai gadin makarantar unguwa.

"Mama, godiya muka zo," in ji mai kitso. "Gobara ta cinye mana ɗaki, maigida ya ƙone a ƙafa. Kunya ta hana mu zuwa ɗaukar kaya a idon jama'a. Shi ne Mai Lantarki ya ce mu bar masa kunyar. Ya ɗauko, ya gyara, ya kawo mana. Madubinku da shi nake sana'a yanzu."

"Ni fanka na samu," tsohuwar ta ce. "Ta daina kuka, ni ma na daina!"

Auta ta yi ihu ta rungume mai kitso har jaririn ya farka. Mama ta zauna a kan akwati. Baba ya zura takalmi ya haye benen don ya ga ɗakin saurayin. Da ya dawo sai dariya yake.

"Katifa ɗaya da akwatin kayan aiki. Ko cokali yaron nan bai ajiye wa kansa ba."

Auta ta kunna waya, ta rubuta da sauri: "Maƙwabcina, ka yafe min. Ka zo yanzu yanzu."

"Ina ƙofa, rabin raina. Tun ɗazu."

Ya shigo ya durƙusa gaban Mama. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ɗana, na ci namanka a bayan idonka. Ka yafe min."

"Ba komai, Mama. Ku ne kuka bayar, ni ɗan dako ne kawai."

"To ɗan dako," Baba ya ce, "ka turo manyanka."

Auta ta kwasa da gudu zuwa ɗaki, mai kitso na binta da guɗa.

Ranar aurensu layin ya cika har ba wajen taka ƙafa. Mama da kanta ta kama hannun Auta ta sa a nasa, hawaye na zuba tana dariya.

"Allah ya yi muku albarka. Ya cika gidanku da alheri da zuri'a ta gari, ya sa ku tsufa tare."

Layin gaba ɗaya ya amsa: "Amin!"