Kwalba Mai Lamba Bakwai

"Ki goge layin nan, Firdausi. Abeg, don Allah, layi ɗaya ne fa!"

Na ɗago daga kan kwamfuta na kalli Nassirou, wanda saura sati uku a ɗaura mana aure. Idanunsa sun kaɗa sun yi jajur.

Ni ke koya wa 'yan aji biyu na jami'a gwajin sinadarai da nazarin alƙaluma, kuma a aikace muke yi. Ɗalibaina suka ɗebo ruwan rijiyoyi ashirin a Agege, suka gwada, suka zuba sakamakon a kwamfuta. Ƙa'idarmu, ba a rubuta sunan mai rijiya a kwalba, lamba kawai. Sai da muka gama aka buɗe takardar sunaye... Lamba bakwai, wadda ƙazantar mayanka ke tsiyaya cikinta, ta Alhaji Na'Allah ce, mahaifin Nassirou. Rabin 'yan garuwan unguwar a nan suke ɗiba.

"Masoyi, yara ke shan ruwan nan..."

"Bushra ta gaya wa Baba da gangan kika tura ɗalibai don ki tozarta shi. Ya rantse in rahoton ya fita, babu aure!"

Bushra! Ɗalibata ce, 'yar ƙanwar Alhaji, wadda ta daɗe tana ganin Nassirou nata ne. Wallahi da tana kusa da na shaƙe ta.

"Ba zan goge ba," na ce. "Amma ka kawo mini Baba ɗakin gwajinmu ranar Asabar."

Alhaji ya zo kuwa, fuska a murtuke. Ɗalibai suka taru, Bushra na can baya tana taunar cingam. Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi, da ƙyar ya amsa.

"Ke ce mai cewa ruwana guba ne?"

"Baba, ga kwalabe biyar, babu suna. Ɗaya Nassirou ya ɗebo a rijiyarku da safe, shi kaɗai ya san lambarta. Ku ɗiga wannan maganin da hannunku. Mai ƙazanta za ta yi ja."

Ya ɗiga a ta farko, ba ta canza ba. Ta biyu ma haka.

Ta uku ta yi ja kamar zoɓo.

"Ta waye wannan?"

Sai a lokacin na gane kasadar da na yi. In Nassirou ya ce ba tasu ba ce, ni na zama maƙaryaciya a gaban kowa, kuma ba ni da shaida.

Nassirou ya kalli mahaifinsa, ya kalle ni. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

"Tamu ce, Baba."

Alhaji ya daɗe yana juya kwalbar a hannunsa.

"Tun azumi jikata Kalsum ke fama da ciwon ciki," ya ce a hankali. "Da hannuna nake ba ta ruwan nan..."

Ya juya wajen ɗansa. "Je ka sa wa rijiyar kwaɗo. Yanzu!"

Hawaye suka ɓalle mini, na sake durƙusawa a gabansa.

"Tashi mana, 'yata. Aure na nan. Amma ruwan da za a raba wa baƙi ranar, sai kin gwada mini shi tukuna."