Alli a Jikin Kan Jirgin Baba

Ranar da Nathaniel ya fara ganin Helen, yana durƙushe ne a bayan gidansu, a wani ƙauye gaba da Gayam, yana auna ƙafafun wani tsohon kan jirgin ƙasa da ya yi tsatsa tun zamanin masu haƙar zinariya.

"Malam, mai shi yana da rai fa," in ji ta.

"To 'yar mai shi, riƙe mini bakin tef ɗin nan."

Ta riƙe, tana harararsa tana murmushi.

Nathaniel mai walda ne, ya taɓa aikin dogo a Kaduna. Burinsa ya tayar da tsohon siririn layin da ya ratsa dajin, ya ƙara ƙarfe na uku a gefe, ƙaramin jirgi da babban tarago su bi hanya ɗaya suna kwaso masara. Kan jirgin kuwa na Baba Abednego ne, mahaifin Helen. Uban Baba ne ya tuƙa shi, shi ya sa ko akuya Baba ba ya bari ta hau.

Ana cikin soyayya, ran nan Nathaniel ya zana alamar awo da alli a jikin jirgin, yadda ma'aikatan dogo ke yi. Bai sani ba, a nan 'yan gwangwan ne ke shafa alli a ƙarfen da suka saya za su yanka. Lazarus, dillalin gwangwan da ya daɗe yana zaryar neman Helen, shi ya kai wa Baba gulmar da ɗuminta.

Baba ya ce, "Wanda ya sa wa jirgin ubana alli ba zai sa wa 'yata zobe ba."

Saƙon Helen ya shigo: "Ashe ƙarfe ka zo nema, ba ni ba? Kada ka sake kirana."

Ya mayar: "Tauraruwata, awo ne, ba ciniki ba. Ki ba ni kwana uku. In ƙarya nake, ki auri Lazarus, ni zan yi muku waldar gado."

Kwana ukun nan ya bi layin a ƙafa tare da mafarauta. Da ya dawo, ya durƙusa gaban tsohon.

"Baba, layin nan ba zai tashi ba. Gara ta cinye katako, an sace rabin ƙarfen, daji kuma kun fi ni sanin masu shi yanzu. In na dage, sai na farke jirginku na yi faci da shi, kuma a banza. Na haƙura da layi. Amma abin da ya rage, ba zan bari ya ruɓe ba."

"Wannan baki ne. Hannu nake son gani."

Sati bakwai yana kankare tsatsa, yana ɗura mai. Ya kafa rumfar kwano, ya shimfiɗa dogo taku ashirin. Kullum Helen na ajiye masa kunu.

"Na Baba ne, kada ka ɗauka naka ne."

"To ki faɗa wa Baba sukarinsa ya yi kaɗan."

Ranar da maza goma suka tura kan jirgin, ƙafafun suka juya da ƙara, Baba ya kau da kai yana share ido.

"Kai yaro, taurin kanka ya fi ƙarfen nan. Turo iyayenka."

Bayan girbi aka ɗaura auren a coci, maƙwabta Musulmi suka cika harabar. Baba ya dafa kawunansu.

"Ka san abin da ake rabuwa da shi, ka san wanda ake riƙewa. Ga Helen, riƙe ta. Allah ya yi muku albarka."

Jama'a suka amsa, "Amin!"