Tsohon Direban Nake So

"Saurara da kyau," in ji Abba, "ki gaya min muryar wace ce wannan."

Ya ajiye wayarsa a kan teburin falo, ya danna.

Muryata ce, har da 'yar in'inar nan da ke zo min idan raina ya ɓaci.

"...wallahi tun da sabon direban nan ya zo ban sake samun sukuni ba! Ya ɓata min komai, har kuka na yi. Ni dai tsohon nake so... da shi muka saba. Don Allah ka taimaka ka dawo min da shi kafin Asabar."

Saƙon ya ƙare.

Umma ta dafe ƙirji. 'Yar Gwaggo, wadda ke zaune a gidanmu tun da ta shiga makarantar koyon jinya, tana tsaye bakin ƙofa tana goge idon da ko ɗigon hawaye babu a cikinsa.

"Ni ma ban so na kawo ba, Kawu," ta ce, "amma ɓoye ciwo ba ya maganinsa."

Sai a lokacin na gane ramin da na faɗa. Abba kayan gini yake sayarwa, yana da motar ɗaukar kaya guda ɗaya. Watan jiya tsohon direbansa ya ajiye aiki saboda ido, dattijo mai jikoki goma sha ɗaya, aka ɗauko wani saurayi da ni ko gaisawa ba mu taɓa yi ba.

"Abba... d-direban kwamfuta nake nufi..."

"Kwamfuta?" Ya sauke tabaransa ya dube ni. "Kwamfutar mota ce? Ina take zuwa?"

"Ba haka ba ne, Abba, wani abu ne a ciki..."

"Rufe min baki! Kin ce min mai gyara kike so, na daure na ba shi Asabar ya zo mu gaisa. Ashe akwai sabo, akwai tsoho! Dattijon da ya goya ki? To babu Asabar. Shi kuma yaron motar gobe zai ajiye min makulli. Ba ni wayarki."

Na miƙa masa.

Na shige ɗaki na faɗa kan gado. Ina jin Umma tana cewa, "A bi a hankali dai," shi kuma yana cewa an gama magana.

Bari-mu-gani...

Haka duk layin suke kiran mai gyaran kwamfutar nan da nake so, domin ba ya yanke hukunci kan komai sai ya gwada. Ko tambayarsa aka yi ko za a yi ruwa, sai ya ce, "Bari mu gani."

Shagonsa ƙarƙashin matattakalar wani bene yake, kujera biyu da fanka mai tari. Wata tara ke nan da na fara shiga, rungume da kwamfutata kamar mai kai jariri asibiti. Bangon littattafai nake zanawa wata maɗaba'a, kuma ranar allon ya haukace. Layuka kore-kore suna gilmawa, hoto ya tsage biyu, fuskar mutum ta koma kamar an yayyanka ta an jera ba daidai ba.

"An ce g-gilashin ne ya mutu," na ce masa.

"Wa ya ce?"

"Kowa."

"Kowa bai iya gyara ba. Bari mu gani, 'Yar Tabarau."

Ranar ya yi min bayanin da har yanzu yana cikin littafina, don ni komai aka faɗa sai na rubuta. Ya ce a cikin kwamfuta akwai katin da ke zana hoto, akwai kuma wani ɗan shiri da ake ce wa direba, wanda ke kai magana tsakaninsu.

"Ki ɗauke shi tafinta," ya ce. "Katinki tsoho ne. Kwamfutar ta ɗauko masa sabon tafinta da ba ya jin yarensa. Ta ce fari, ya isar da kore. Gilashi bai da laifi, abin da aka kawo masa yake nunawa."

Ya cire sabon, ya mayar da tsohon, komai ya dawo garau. Ya zuba min tsohon direban a filash, ya ɗaura masa jan zare.

"Duk ranar da ta ce za ta sabunta, ki ce a'a."

Na dawo bayan mako da wata matsala. Da wata bayanta. Ta huɗun, ya juya kwamfutar ya juya, ya ce, "Wannan lafiyarta ƙalau. Mai ita ce za mu duba."

Na kusa nutsewa don kunya!

Tun daga nan na zama "hasken allona". Ko da fushi nake, in ya faɗa sai na yi dariya.

'Yar Gwaggo ma ta san hanyar shagon. Sau biyar tana kai masa wayar da babu abin da ya same ta, da turare kamar an fasa kwalba. Duk zuwa ya ce, "Lafiyarta ƙalau, Yaya," ya ci gaba da aikinsa. Yayan nan ce ta tsaya mata a wuya.

Shekaranjiya kuma da safe, ban sa tabarau ba, wani ɗan akwati ya fito a allon, na danna. Shi ke nan, sabon direba ya dawo da haukansa. Saƙon murya biyu na tura wa Bari-mu-gani, na farkon ne ya ambaci kwamfuta. Na biyun kaɗai aka kai wa Abba, aka kuma goge hirar gaba ɗaya. Na san lokacin, wayar na kan caji ina wanka.

Na tashi zaune na share fuskata.

Duk rayuwata in magana ta yi zafi littafi nake buɗewa in ɓuya a ciki. Ko ciniki ban iya ba. Filash ɗin nan wata tara yana cikin jakata, tsoron taɓa shi nake yi kar in ɓata wani abu.

Amma yau babu mai yi min. Bakina ba zai fitar da ni ba, na sani. Hannuna fa?

Na ɗauki kwamfuta, da filash, da littafina, da igiyar haɗawa da talabijin.

Abba yana falo yana shan shayin la'asar.

"Abba, m-minti ashirin nake roƙo. In ban nuna maka direban da idonka ba, ni da kaina zan ce masa kar ya zo."

Umma ta kalle ni kamar an canza mata 'ya.

"Ba ta, mana," ta ce. "Yaushe rabon da ta roƙe ka wani abu?"

Ya duba agogonsa. "Ashirin."

Na kunna. Allon ya fara rawarsa, kore da shunayya, hoton da ke bangon allon ya tsattsage har ba a gane mutum ne ko tulu.

"Ai wannan ta mutu," in ji 'Yar Gwaggo daga bayan kujera. "Gilashin ne. Kawu, ɓata maka lokaci kawai take yi."

Na jona igiyar da talabijin ɗin Abba, wanda ko ƙura ba ya bari ta hau.

Haukan ya bayyana a can ma, ya cika bango.

"Kai! Za ki lalata min talabijin!"

"Ba zai lalace ba, Abba. Ka ga lafiyayyen gilashi ne, amma abu ɗaya ya nuna. Ke nan ba gilashina ba ne. Daga ciki ake aiko da ɓarnar."

Sai da na gama na lura ban yi in'ina ba.

Abba ya matso gaba kaɗan, ya nuna tsagaggiyar fuskar da ke rawa a talabijin.

"Wannan wane ne? Shi ne direban? Sabon ko tsohon?"

"Za ka gan shi, Abba."

Na buɗe littafina. Mataki na biyu: a tada ta a sauƙaƙe, ba tare da direban ba. Na bi rubutun layi-layi da yatsa. Ta mutu, ta tashi. Bango baƙi, rubutu manya-manya, amma ko layi ɗaya kore babu.

"Ta warke?" in ji Umma.

"A'a, Umma, na dai sallami tafintan na ɗan lokaci. Da katin ne ya ƙone, ko a nan ma za a ga layukan."

Na juya wa Abba kwamfutar, na buɗe inda sunan yake. Ya mayar da tabaransa, ya karanta a hankali, leɓensa na motsi. Ga kalmar direba nan ƙuru-ƙuru, ga ranar da ya shigo a gefe.

"Shekaranjiya," ya ce a ƙasan maƙoshi.

Na cire shi. Na sa filash mai jan zare, na ɗora tsohon. Na danna ta sake tashi.

Allon ya yi baƙi.

Talabijin ma baƙi.

Daƙiƙa goma... ashirin...

Gumi ya sauko min ta bayan kunne. Na duba littafin, babu abin da na tsallake. Ko akwai?

"To, ta ƙarasa ta!" 'Yar Gwaggo ta tafa hannu. "Kawu, minti ashirin sun..."

"Bari mu gani," na ce.

Wallahi ban san lokacin da ta fito daga bakina ba.

Allon ya ƙifta sau ɗaya. Ya sake. Sai haske ya cika falon.

Ga Bari-mu-gani nan a talabijin ɗin Abba, faɗin bango guda! Sukudireba a bayan kunne, gira ɗaya a ɗage, da ɗan tabon nan na haɓarsa. Mako uku na yi ina zana shi, so nake in buga in ba shi ranar Asabar. A ƙasa kuma, da rubutun hannuna: *Hasken allonka ce ta zana.*

Na manta shaf da rubutun nan!

Na rufe fuska da littafina.

Umma ce ta fara. Dariya ta ƙwace mata har tana riƙe ciki. "Tsohon direba! Wayyo ni, dattijon mutane yana can yana jan carbi an ɗaura masa budurwa!"

Abba bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya juya ga 'Yar Gwaggo.

"Saƙo nawa kika gani a wayar?"

"Kawu, ai... wasa ne. Taubashiyata ce fa..."

"Nawa?"

"Biyu."

"Kika kawo ɗaya. Yau da na raba yaro da abincinsa, na zubar da mutuncin 'yata, a kan wasa." Ya girgiza kai. "Ki wuce. Da uwarki zan yi magana."

Ta fita sum-sum, ƙanshin turarenta ya bi ta.

Abba ya zaro wayata daga aljihu ya ajiye kusa da hannuna. Ya yi gyaran murya sau biyu. Abba bai iya ba da haƙuri ba, kowa ya sani.

"Wannan... tafintan," ya ce, "ba zai sake dawowa ba?"

"Yanzu zan hana ta ɗauko shi da kanta."

"Yi. Ni ma zan hana nawa tafintan, mai kawo min rabin magana." Ya ɗauki kofinsa da ya riga ya huce. "Ki ce masa ƙarfe huɗu. Ba na son jira."

Ranar Asabar ina laɓe bayan labule, Umma na ja min zane ina fizgewa. Bari-mu-gani ya zo da sabuwar riga har da karin guga, ya durƙusa can nesa da kujera. Talabijin a kashe, amma Abba sai da ya kalle shi, ya kalli fuskar baƙon, kamar mai gwada ko zanen ya yi daidai.

Bayan doguwar gaisuwa Abba ya ce, "Yarinyar nan ba ta da baki, amma na ga tana da kafiya. Za ka iya riƙe min ita da amana?"

Na ga girarsa ta ɗagu. Na ga leɓensa ya fara haɗuwa.

"Bari mu..."

Na leƙo da kaina, tabarau da komai, na watsa masa harara.

Ya haɗiye sauran.

"Zan iya, Abba," ya ce. "Wannan kam na riga na gani."