Ƙaron Wata Dakwara a Hanyar Jajimaji

Malam Nasrullahi malamin jami'a ne. Bincikensa a kan ledar da za ta ruɓe a ƙasa ne, da ƙaro da sitacin rogo yake haɗa ta. Samfurin ƙaron da ya tara ya lalace, ga ɗalibansa na jiran sa su kammala aikinsu. Shi ya sa ya taso daga Gashua da yamma tare da Ajimi, wani manomin ƙaro, suka shiga dajin dakwara, itacen da ke ba da ƙaro, ta wajen Jajimaji.

Rana ta yi ja. Ajimi ya ce, "Malam, bari in yi alwala. Kada ka yi nisa."

Nasrullahi bai iya zama ba. Ya zaga nan, ya leƙa can, har ya ga wata tsohuwar dakwara ita kaɗai a fili. Ya ɗan kankare ɓawonta da wuƙa.

Ƙaro kan yi makonni kafin ya fito. Wannan nan take ya tsattsafo, fari tas kamar gilashi.

Ya taɓa. Da ɗumi, irin ɗumin jikin mutum.

Kukan tsuntsaye ya ɗauke. Wani ƙamshin turaren wuta ya taso, ga ƙarni a ƙarƙashinsa.

Ya janye hannu, hannu ya ƙi fita. Ƙaron ya hau yatsunsa, ya rufe tafin, yana bin wuyan hannu a hankali.

A cikin itacen wani abu yana numfashi.

Muryar wata tsohuwa ta raɗa masa a kunne, "Wa ya ba ka?"

Ya sake fizgar hannun.

"Na ce wa ya ba ka?"

Sai ya ji an rungume ƙugunsa ta baya. Ajimi ne, yana karanta Ayatul Kursiyyu. "Ja, Malam," in ji shi. "Kada ka waiwaya."

Ya ja da iya ƙarfinsa. Fatar tafinsa ta zauna a jikin itacen.

A asibitin Nguru aka ɗaure masa ciwon. Ya warke, amma tafin ya fito sumul, yana sheƙi, babu zane ko ɗaya, ba ya kuma gumi. Da hagu yake riƙe alli yanzu. Idan magariba ta kawo kai, ko yana tsakiyar darasi, sai ya ji wani yana shafa wannan tafin daga nesa.