Ramin da Bai Tsira Ba

"Wa ya sa mijin amarya yin binne, alhali ko hadari babu?"

Wata amarya ce ta ji tambayar a bakin rijiya, can da. Duk irin geronsu mijinta ya shuka a busasshiyar ƙasa. Ta lallaɓa gona don ta kwashe irin kafin ya lalace. Ta tone rami ɗaya, sai ta tsaya.

Ta ce, "A'a. Allah muka ba ajiya, ba zan karɓe ba."

Kwana ya wuce, ba ta koma ba. Mako ya wuce, ba ta koma ba. Sai ruwa ya sauka, gona ta yi kore.

Mijinta ya ce, "Amarya, rami ɗaya ne bai tsira ba. Aikin ɓera ne, ko?"

Ta sunkuyar da kai. Ba mai jin wannan daga bakinta.