Zuwan Nicanor na Uku

"Mama, ki karɓa... don Allah ki karɓa yau!"

Eulalia na durƙushe gaban mahaifiyarta a ajin makarantar da aka sauke su a Guatemala, wata huɗu da gudowarsu daga ƙauyensu na Chiapas. A ƙofa kuwa Nicanor ne da mahaifiyarsa, Doña Chayo, riƙe da kwandon burodi da cakulan na neman aure. Zuwansu na biyu ke nan daga ƙauyen tun da ƙungiyoyin 'yan bindiga biyu da ke yaƙi a can suka tsagaita wuta aka buɗe hanya.

"Haba Inna, a zuwa na biyu?" in ji Griselda, 'yar ƙanwar Mama, wadda kowa ya san ta daɗe da ƙyasa Nicanor. "Sai a ce kin gaji da ita!"

Mama ta ɗaure fuska, ta dubi Eulalia.

"Ni sai da ubanki ya zo sau uku. Gudun hijira muka yi, ba mutunci muka zubar ba. Su dawo Lahadi."

A bakin shinge Nicanor ya tsaya yana yi wa Eulalia dariya.

"Lala tawa, kuka kuma? Kwana bakwai ne fa!"

"Ka yarda da mutanen nan?"

"Gaban limamin coci suka rantse."

"Bara ma sun rantse..."

"Matsoraciya! Ki dai shirya min, zuciyata."

Ai kuwa, ranar Juma'a aka jiyo harbi daga bayan dutse.

Lahadi Eulalia ta yi kitso da jan zare, ta zauna a dakalin makaranta tana kallon hanya.

Ko kare bai gangaro ba.

Haka wata Lahadin. Haka ta bayanta.

Sai a ta huɗu Doña Chayo ta ɓullo ta cikin gonakin kofi, ita kaɗai, ƙafafu a kumbure, kwando a ka.

"Sun tare motar kasuwa, sun kwashe samarin," ta ce. "Ta taga ya ƙwala min: Mama, ki je ko babu ni!"

Griselda ta sulale waje. Mama ta miƙa hannu biyu ta karɓi kwandon.

"Mun ba shi... mun ba shi, 'yar'uwa."

Eulalia ba ta yi kuka ba. Shiga ta yi ta ɗaure kayanta a mayafi.

"Ina za ki, Lala? Ana harbi fa!"

"Gidan mijina, Mama. Ran da zai dawo, kada ya tarar da mahaifiyarsa tana jira ita kaɗai."